Salak ɗin da ake yi wa ban ruwa da ruwan Jakara, anya lafiya muke ci?

Ɗan Fagge:

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani a taimaka min, abin ya tsaya min a rai tun shekaranjiya. Na raka wani abokina lambun kawunsa can wajen Kwakwaci a nan Kano, to ka san yadda lambu yake da hunturu, salak shar, alayyahu, lansir, kabeji, ido ya ƙoshi. Sai na bi tiyon injin ban ruwan da ido in ga daga ina yake ja, wallahi cikin lambatun Jakara yake, ruwan baƙi ƙirin ga kumfa ga leda ga wari, ni da nake tsaye a sama sai da na toshe hanci. Na tambayi dattijon, ya yi dariya ya ce yaro ai wannan ruwan taki ne da kansa, shekara talatin yana noma da shi bai taɓa kwanciya asibiti ba. Ni kuma kullum da daddare sai na sayi haɗin salak da ƙuliƙuli a bakin layinmu. Tambayata ita ce in an wanke da gishiri ya wadatar, ko dai guba muke ci a hankali?

Malam Na Kimiyya:

Wa alaikumussalam Ɗan Fagge. Dattijon bai yi ƙarya ba ta fuska ɗaya, ruwan kwata akwai abincin shuka a ciki shi ya sa ganyen yake yin kyau haka. Amma matsalar iri biyu ce kuma mutane suna cakuɗa su.

Akwai ƙwayoyin cuta. Jakara tun daga cikin birni take kwasar ruwan wanke-wanke da na masai da na mahauta, to taifod da amai da gudawa da ƙwan tsutsar ciki duk nan suke. Wannan dahuwa tana kashe shi, wanki mai kyau da ruwa mai tsafta yana ragewa, gishiri kaɗai dai kar ka dogara da shi. Alayyahun miya da sauƙi tunda zai tafasa, salak da lansir da ake ci ɗanye su ne abin tsoro.

Ɗayan shi ne wanda ba ya jin wuta. Rafin Getsi yana ɗebo ruwan masana'antun Bompai ya zo ya haɗe da Jakara, su tafi tare har dam ɗin Wasai a Minjibir inda ake kamun kifi. Ta kudu kuma na Sharaɗa da Challawa yana gangarawa kogin Challawa. Kamfanonin jima na zamani da sinadarin kuromiyam suke aiki, ga dalma daga tsoffin batura da fenti, ga kadmiyam. Waɗannan ƙarafa ne, suna zama a cikin ƙasar lambun, saiwa ta ja su shiga cikin ganyen kansa, ko ka wanke sau goma ko ka tafasa suna nan. Kuma ba sa kayar da mutum yau, taruwa suke a jiki, ƙoda ce take shan wahala, yara kuma dalma ƙwaƙwalwarsu take taɓawa. Ku tuna Zamfara a 2010, su Bagega da Dareta, yara wajen 400 suka rasu saboda dalmar da ke cikin dutsen zinaren da ake niƙawa a tsakar gida, kafin a gane mutane da yawa sun ɗauka wata cuta ce daban. Ban ce na Jakara ya kai wannan ba, nesa ma, amma hujjar "ban taɓa kwanciya asibiti ba" ba ta aiki a kan irin wannan gubar.

Jikan Majema:

Malam na ji daɗi da ka ce na zamani. Don kullum aka tashi zance sai a ce majema majema. Kakanninmu ɗaruruwan shekaru suna jima a garin nan da bagaruwa da toka da kashin tattabara, fatar har Maroko ake kai ta, wari kam akwai ba na musu, amma abin da ƙasa za ta iya cinyewa ne. Na yi aiki shekara huɗu a wani kamfanin fata, ba zan faɗi suna ba, akwai tankunan tace ruwa a bayan ginin amma ba a kunna su sai ranar da aka ji baƙi za su zo dubawa, saboda wai dizal. Da dare ya yi a buɗe bututu. Abin haushin ma kuromiyam ɗin nan ana iya kwantar da shi a tanki a tace a sake jima da shi, kuɗi ne suke zubarwa a rafi.

Maman Ikram:

Ku kuna ta ruwa, mu nan iskar ma ba ta bar mu ba. Muna kusa da inda ake babbakar kai da ƙafa da ganda, da tsoffin tayoyi suke yi, tun asuba hayaƙi baƙi zai tashi, lokacin sanyi kuma ba ya hawa sama sai ya kwanta a unguwa ya haɗu da hazo, ka shanya farin kaya ka dawo ka tarar da ɗigo-ɗigon baƙi. Autana asma gare shi, duk hunturu sai mun kwana a zaune. Ga masu ƙona bola da leda da magariba, ga janareton maƙota a jikin tagarmu. Kuma gandar nan da aka babbaka da taya ita ce dai za a kai kasuwa mu saya mu sa a miya, toh ina za mu sa kanmu.

Abu Kadawa:

Ni manomi ne, bari in faɗi namu ɓangaren don naga ana neman a ɗora wa mai lambu laifi. Mu a Kura da Kadawa ruwan dam ɗin Tiga muke sha ta kanal, mai tsafta ne alhamdulillah, amma wanda yake Kwakwaci ko Gama ina zai samu? Ba shi ya zuba guba a rafin ba, tarar da ita ya yi, gonar ma da yawa aro ce ko haya, ka ce ya haƙa rijiyar burtsatse a filin da gobe za a iya yankawa a yi shaguna? In ana son gyara a fara daga inda ake zubowa. Sannan a haɗa su ƙungiya a yi musu tubwel da famfon sola, mu nan waɗanda suka koma sola sun huta da sayen fetur. Kafin nan ko kwatami biyu aka haƙa ruwan ya kwana a na farko datti ya kwanta kafin a ja, kuma a riƙa sakin ruwa ta kwari a gindin shuka maimakon watsawa a kan ganye, a tsayar da ban ruwa kwana biyu uku kafin a cire, yana rage ƙwayoyin cutar. Kuma gaskiya mu ma ba mu fita ba, maganin feshi da takin zamani da muke zubawa fiye da ƙima ina yake tafiya in ba kogi ba, ku je Hadeja da Nguru ku ga yadda ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa.

Malam Na Kimiyya:

Abu ka faɗi gaskiya. Doka kuma akwai ta, NESREA, hukumar tarayya mai kula da dokokin muhalli, tun 2007 aka kafa ta kuma ƙa'ida ce kamfani ya tace ruwansa kafin ya saki, bibiya ce ta yi ƙaranci. Hajiya Maman Ikram, na babbakar yana da mafita mai sauƙi, murhun gas mai hura wuta yana yin aikin ba tare da baƙin hayaƙin nan ba, kuma kashin tumbi da jinin da mahauta ke turawa kwata in aka tara a rufaffen rami gas yake bayarwa, abin da ya rage a ciki taki ne. Ku haɗu ku matan layin ku sa mazajenku su je wajen mai unguwa da sarkin fawa, zance ya fi tasiri ta nan. Kafin nan da asuba a rufe tagar da ke kallon wajen, yaron kuma kar abin shaƙarsa ya yi nisa da shi.

Ɗan Fagge:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Ɗazu na tambayi mai salak ɗin layinmu daga ina yake sarowa, ya ce 'Yankaba, na ce a'a wace gona, ya kalle ni ya ce shi buhu yake saya ba tarihi ba. Na dai samo tsofaffin bokitai uku da tsohon buhun siminti don in shuka nawa, Umma ta ce in sa su bayan ɗaki kusa da tulu amma in kaji suka cinye ba ruwanta. Malam Abu irin salak ɗin nawa ake sayar da ƙullin yanzu, kuma kwana nawa yake yi kafin a fara tsinka?