Fitilar katin 'yata ta ƙi kamawa

Maman Ihsan:
Assalamu alaikum. Ranar Asabar muka zauna da 'yata mai shekara 6 za mu yi katin barka da Sallah mai fitila. Kwali, salatif na jan ƙarfe da ƙanwata ta aiko, jan ƙwan LED, da batirin CR2032 irin na makullin mota. Ta zana masallaci, muka soka ƙwan a kan hasumiya, muka danna. Shiru kamar an ɗauke NEPA. Har da kuka. Ina na kuskure? Kuma ƙanwar tawa ta dage sai na fara koya wa yarinyar kodin, wato tsara wa kwamfuta umarni. Anya ba ta yi ƙanƙanta ba?

Mai Gyaran Rediyo:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ciro ƙwan tukuna, ki cusa batirin tsakanin ƙafafunsa biyu, doguwar ƙafar a gefen da ke da alamar +. In bai kama ba, juya shi. In ya kama, to matsalar a kan kwalin take, kuma ina zargin kwana, wato inda layin salatif ɗin ya karya kwana. Mutane kan yanka salatif ɗin su ɗora wani a kai, alhali gam ɗin ƙarƙashinsa sau da yawa ba ya barin wuta ta wuce. Lanƙwasa shi za ki yi, kada ki yanke. Kuma kada layukan salatif biyun, na + da na -, su taɓa juna, batirin zai zuƙe a banza.

Anti Nas:
Ni batirin ne damuwata. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, cikin awa 2 yana iya ƙona wurin. Akwai ƙarami a gidan? Ki ƙirga batiran kafin ku fara, ki sake ƙirgawa in kun tashi.

Malamin Aji Biyu:
Ba ta yi ƙanƙanta ba. Manhajar koyon kodin ta ScratchJr don 'yan shekara 5 zuwa 7 aka yi ta, kyauta ce, tubalan hotuna ake jerawa, ba sai ta iya karatu ba. Amma ni da alli nake farawa: a zana gidaje a ƙasa kamar na 'yar gala-gala, ta ba ki umarni, taku biyu gaba, juya dama, ke kuma ki bi daidai ko da za ki yi karo da randa.

Maman Ihsan:
Malam Mai Gyaran Rediyo, kwanar ce! Huɗu na yanka. Mun sake, ya kama, yanzu ta ce sai an sa kore a ƙubba. Anti, akwai ɗan shekara 2, batiran suna cikin durowa a kulle.