Cire tamostat ne ya sa Hilux ɗin Alhaji shan mai, ko sharri ake wa bakanike?

Alhaji Mai Buhu: Assalamu alaikum jama'a. Tsohuwar Hilux ɗina ce, mai injin 3RZ, wadda ke min jigilar hatsi daga ƙauye zuwa Dawanau. Kwanan nan shan manta ya wuce misali, ga baƙin hayaƙi da safe. An canja fulogi, an wanke nozul, duk a banza. Yaron da ke tuƙa ta ya dage wai tun da aka cire mata tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwan inji har sai ya yi zafi, abin ya fara. Bakanikena kuma ya ce zancen banza ne. Ku raba mana gardama, don tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 kowace lita ji nake kamar daga jikina take fita.

Oga na Ƙofar Ruwa: Wa alaikumus salam Alhaji. Bakanikenka ne da gaskiya. Tamostat kayan ƙasar sanyi ne, Turawa suka yi wa kansu saboda ƙanƙara. Mu da zafin watan Afrilu ke kai digiri 40 a Kano, me za mu yi da abin da ke tare ruwa? Ranar da ya maƙale a hanya, gaskit ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe, ba yaron ne zai biya ba.

Riwaya: Oga, a yi min afuwa, nan kam ban bi ka ba. Hilux nawa Toyota ke sayarwa a Saudiyya? Duk da tamostat ɗinsu suke fitowa, kuma Makka ta fi Kano zafi. Aikinsa ya riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki. Na irin wannan injin wajen digiri 82 yake fara buɗewa. In babu shi, ruwa na ta zagaya lagireto tun daga tayar da mota, inji ya daɗe bai ɗumama ba. Na'urar auna zafin ruwa kuwa tana ta shaida wa ƙwaƙwalwar motar cewa da sauran sanyi, ita kuma tana ta ƙara wa nozul mai. A kafireto direba ne ke jan cok don ƙara mai da sanyi, in inji ya ɗumama ya mayar. A nan ba mai mayarwa sai zafi ya kai.

Baba Direba: Ku yaran zamani komai sai ku ce ƙwaƙwalwa. Mun ja Fijo 504 a-kori-kura shekara da shekaru ba tamostat, ba ta taɓa kai ƙara ba. Alhaji, kafin ka zargi ƙarfe, buhu nawa ake ɗora mata? Kuma ka taɓa zama a gefen yaron nan ka ga yadda yake taka totur?

Alhaji Mai Buhu: Baba, lodin bai canja ba. Ƙafar yaro kuwa, Allah ne masani.

Riwaya: Baba ya faɗi gaskiya a kan lodi da ƙafa, amma 504 kafireto ce, ba ta da mai yi mata lissafi. Kuma a lokacin nawa ake sayar da lita da har wani zai tsaya aunawa?

Oga na Ƙofar Ruwa: To na ji. Da safe, a hunturu, na yarda za ta sha. Amma motar da ta ɗauko lodi da rana tsaka, tana rarrafe a cunkoson Kurna, wane sanyi ne ya rage mata? Allurar zafin inji tana hawa tsakiya, ni na sha gani da idona.

Riwaya: A cunkoso tana hawa, ba musu. Ta fita hanyar Katsina ta sha iska, ka sake duba allurar, za ka ga ta sauko ƙasa. Jigilar Alhaji kuma da asuba ake fita, kusan rabin tafiyar a sanyin ake yin ta. Alhaji, tambaya: da suka cire tamostat, sun taɓa fanka?

Alhaji Mai Buhu: Sun ce sun ɗaure ta dai. Yanzu in an taka mota gurnani take kamar jirgi zai tashi.

Riwaya: Ka ji ta biyu. Fankar nan fanbel ke juya ta, kuma tana da kulocinta da ke sakin ta in inji bai yi zafi ba. In aka ɗaure ta da noti, kullum inji na jan ta da ƙarfinsa, ga ƙarin sanyaya injin da dama bai ɗumama ba.

Malamin Lissafi: Ni ba bakanike ba ne, amma har yanzu ban ji wanda ya ce an auna ba. "Tana shan mai" ba adadi ba ne. Alhaji, a cika tanki a famfo ɗaya har ya katse da kansa, a mayar da mitar tafiya sifili, a yi aiki, a koma wannan famfon a sake cikawa. Kilomita a raba da lita. Kada a haɗa da galan ɗin 'yan bumburutu, ba a san cikarsa ba. Sannan in an sa mata tayoyin da suka fi na kamfani girma, mitar za ta riƙa nuna ƙasa da tafiyar da aka yi, sai a ga kamar ta sha fiye da gaskiya.

Baba Direba: Malam, ka manta da abu ɗaya: Alhaji ya riƙe makullin tankin da kansa a kwanakin awon. Ban ce komai ba.

Oga na Ƙofar Ruwa: Baba ka kashe ni da dariya! Amma tsakani da Allah, abubuwan da ke sa tsohuwar mota shan mai sun fi tamostat yawa. Matatar iska ta toshe da ƙurar ƙauye. Taya ba iska. Birki na kamawa: bayan tafiya a kai hannu kusa da kowane wili, wanda ya fi sauran zafi shi ne ɓarawon. Kuloci na santsi a ƙarƙashin lodi. Ko an fasa salansa an kwashe indomin, wato matatar hayaƙin da ke ciki, an bar wayar na'urar hayaƙi tana lilo. Duk wannan sai a tsallake a ɗora wa bakanike laifi?

Riwaya: Ba wanda ya tsallake, Oga. A duba su duka, ba su da tsada. Amma birki da taya ba sa kawo baƙin hayaƙi. Alhaji ya sa a kwance sababbin fulogin nan. In duka huɗun sun yi baƙi ƙirin, busasshe, kana shafawa yana kama yatsa kamar gawayi, mai ne ya fi iska yawa, kuma matsalar ta duka injin ce, ba ta nozul ɗaya ba. Daga nan matatar iska, sai na'urar zafin ruwa. Ita da mitar auna lantarki ake gwada ta: da sanyi tana ba da ohm dubu biyu da wani abu, in inji ya ɗumama ta sauko wajen 300. In ta tsaya a sama, ko an mayar da tamostat ba a rabu da Bukar ba.

Oga na Ƙofar Ruwa: To wane tamostat za a mayar? Jabu sun cika kasuwa, kwali irin na asali. Shi ya sa muke cirewa, ba jahilci ba ne.

Riwaya: Wannan ita ce hujjarka mai ƙarfi, na karɓa. Maganinta tukunya: a jefa shi a ruwa a kan wuta, kafin ruwan ya tafasa a ga ya buɗe, in ya huce ya rufe. Wanda bai yi haka ba a mayar wa mai shago. Kuma a fara wanke lagireto a duba murfinsa, don zafin da ya sa aka cire shi tun farko yana nan bai je ko'ina ba.

Oga na Ƙofar Ruwa: Ni dai ina kan bakana, kuɗina na kan matatar iska da birki. Alhaji, a yi awon Malam kafin a taɓa komai, a kawo ta gareji ranar Asabar. Riwaya ka zo da mitarka, tukunyar ina da ita.

Alhaji Mai Buhu: Allah ya kai mu. Wa ke da fanka ta asali, ko ta Beljiyam ce? Tawa sun riga sun huda ta.