Wai kundin da ya hana azabtarwa, ya aka yi bai hana kisa ba?

Ɗan_Aji:
Salamu alaikum jama'a. Abin nan ya daɗe yana ɗaure min kai. Tun 1791 Amurka suke da gyara na 8 a kundin tsarin mulkinsu wanda ya hana hukunci na mugunta, toh amma har yau jihohi irin su Texas suna kashe mutane da allura. Wato ba za a gana wa mutum azaba ba amma za a iya ɗauke ransa? Masana doka a taimaka.

Lauyan_Gobe:
Wa alaikumus salam malam. Ai kundin ne da kansa ya buɗe ƙofar, gyara na 5 ya ce ba a raba mutum da ransa sai an bi ƙa'idar shari'a, ka ga kenan in an bi ta shikenan. A 1972 a shari'ar Furman kotun ƙoli ta tsayar da kisan saboda yadda ake yanke shi kamar caca, wani a kashe shi wani mai laifi irin nasa a bar shi, sai jihohi suka gyara dokokinsu, 1976 kotu ta ce a ci gaba. Daga nan sai tsuke shi ake ta yi, 2002 aka cire masu naƙasar ƙwaƙwalwa, 2005 aka cire wanda bai kai 18 ba lokacin da ya yi laifin.

Maman_Biyu:
Ku dai kullum haƙƙin mai laifi. Shi wanda aka kashe fa, da marayun da ya bari? Wallahi wanda ya yi kisa da gangan ban ga muguntar da aka yi masa ba.

Mai_Nazari:
Hajiya ba a ƙi ta taki ba, amma matsalar kotu tana kuskure. A Amurkan sama da mutum 190 aka wanke tun 1973 bayan an riga an yanke musu kisa, na kurkuku ana iya sakinsa, na kabari fa? Malam Ɗan_Aji duba Afirka ta Kudu, nasu kundin cewa ya yi kowa na da haƙƙin rayuwa bai sa "sai dai" ba, shi ya sa a 1995 kotun tsarin mulki ta soke kisan a shari'ar Makwanyane duk da alƙalan sun san jama'a da yawa na so.

Maman_Biyu:
Toh wannan ne ma ban gane ba, alƙalai 11 da ba wanda ya zaɓe su su fi ƙarfin jama'ar ƙasa guda? In kuskure ake tsoro a gyara bincike mana.