Taƙaitawa: Fara koyon ƙididdiga da manhaja

An tattauna yadda za a fara koyon ƙididdiga da manhaja. Ga abin da na tattaro daga maganganun 'yan uwa:

1. Kusan kowa ya yarda a fara da zana bayanai a jadawalin hoto (graf), lissafi ya biyo baya. Zane ne ke saurin tona lambar da ta fita zakka.
2. Kada a dogara da matsakaici (jimillar lambobi a raba da yawansu) kaɗai. Kuɗin attajiri ɗaya zai ja shi sama, amma adadin tsakiya (lambar da ke tsakiya idan an jera lambobin daga ƙarama zuwa babba) da ƙyar ya motsa. Wannan na fi so ɗalibai su riƙe.
3. A kan manhaja aka rabu. Wasu sun ce Excel ya wadatar. Wasu suka zaɓi manhajar ƙididdiga ta R, don kyauta ce, kuma tana zuwa da bayanan furannin iris 150 na gwaji. Masu kukan tsadar manhajar ƙididdiga ta SPSS an nuna musu jamovi da PSPP, manhajojin kyauta masu irin aikinta.
4. A bincika guraben da aka bari babu komai a cikin bayanan.