Lido sa'a ce zalla, dara ce wasan basira?

Tela: Salamu alaikum jama'a. Na faɗa a majalisa, ina kuma nan kan bakana: lido sa'a ce zalla. Daren Asabar mun buga a ƙofar shago, yaron da nake koya wa ɗinki, wanda ko ƙa'idojin bai gama riƙewa ba, ya cinye mu tas saboda shida na ta faɗo masa. A dara ba za a taɓa yin haka ba.

Malamin lissafi: Wa alaikumus salam. Maigida, akwai sa'a a ciki, ba musu, amma ba ita kaɗai ba ce. Da dayis biyu muke bugawa, kuma hanyoyin da za su iya faɗuwa 36 ne. Idan ka ajiye ɗanka gida shida a gaban na abokin karawa, hanya 16 ce za ta ba shi damar cin ka: 11 da shida ke fitowa, da 5 da jimla ke ba da shida, muddin yana da wani ɗan da zai kashe ɗaya dayis ɗin a kansa. Ka ƙara gaba gida ɗaya kacal, ka tsaya a na bakwai, sai hanyoyin su dawo 6. Wanda ya san wannan da wanda bai sani ba, ba wasa ɗaya suke yi ba.

Tela: Malam, duk lissafin nan, in shida ta ƙi fita kana cikin gida a kulle kana kallon mutane.

Baba mai dara: Ku saurara, 'ya'yana. Jiya bayan la'asar na buga da wani baƙo daga Maraɗi a gindin darbejiya. Muka tona gurbi 30 a ƙasa, layi biyar, kowane layi gurbi shida. Shi ya ɗauki tsinke 12, ni tsakuwa 12. A wajen zubi ba a yarda ka jera uku ba, sai an gama zubawa a fara turi, gurbi ɗaya gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Ka jera uku, ka cire masa ɗa guda. In huɗu ka jera ba ka ci komai ba. Mutumin nan tun a zubi ya ɗana mini tarko. Ya shirya layi biyu kusa da juna, ɗa guda na shiga yana fita tsakaninsu, duk turin da ya yi sai ya ci. Ya fi ni hangen nesa ne, babu abin da ya faɗo masa daga sama. Wannan shi ne wasa.

Hajiya: Baba, Allah ya ƙara girma, amma wannan ce ta sa dara ta zama ta dattawa a waje. A gidana lido ce ke zaunar da ni da jikokina a tabarma ɗaya, ƙaramar cikinsu ma takan ci wani lokaci, ta kwana tana murna. Asalin lido ma daga Indiya ne, wasan pachisi, Turawan Ingila suka sauƙaƙa shi suka yi masa rajista a 1896. Don iyali aka gyara ta.

Ɗalibi: Ni Scrabble, wasan haɗa kalmomi da haruffa, na fara bugawa kwanan nan a makaranta, kuma ita ta sa ban yarda da Yaya tela ba. Haruffa daga jaka ake zaro su ba tare da an duba ba, sa'a ke nan. Amma Wellington Jighere, ɗan Najeriya, ya ci gasar duniya a Perth ta Ostareliya a 2015, shi ne ɗan Afirka na farko. Wa zai ce jaka ce ta ba shi? Kasancewar sa'a a wasa ba ta kore gwaninta.

Ustaz: 'Yan uwa, a tuna akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya yi kakkausan hani kan wasan nardi, wani tsohon wasa da ake yi da dayis, kuma malamai da dama sun shigar da duk wasan da ake jefa dayis a ciki. Kowa ya tambayi malaminsa. Ko darar ce, in ta kai ga kuɗi ko ta cinye lokacin salla, a bar ta.

Hajiya: Allah ya saka, Ustaz. Zan tambaya in sha Allahu.

Tela: Ƙanena ɗalibi, gasar Scrabble wasanni masu yawa ake bugawa kafin a fitar da gwani, shi ya sa sa'a ke bajewa. Mu kuwa lido zama ɗaya ake yi a tashi.

Malamin lissafi: To ai ka zo wurina ke nan, Maigida. Idan yawan wasa ne ke fitar da gwani, akwai gwanintar da za a fitar. Ka kawo yaron naka ranar Asabar, mu yi ta bugawa, Baba ya riƙe mana ƙidaya.

Baba mai dara: Sai mun ji daga malamai tukuna. Kafin nan ku zo gindin darbejiya bayan la'asar, zan nuna muku yadda baƙon nan ya yi zubinsa.