Neman kalma: jinyar da ake yi da zane, yumɓu da yashi

Mai Fassara: Salamu alaikum. Gobe da safe zan miƙa fassarar wani shirin rediyo kan lafiyar ƙwaƙwalwa, kalmomi biyu sun tsaya mini: art therapy da sand tray. Zama ne da mai jinya, wato ma'aikacin lafiya, ke ba mutum takarda da fenti, ko yumɓu, ko tire cike da yashi da ƙananan 'yan tsana da duwatsu, ya fitar da abin da bakinsa ya kasa faɗa. Ku taimaka.

Ɗan Jarida: Jinya ta hanyar fasaha.

Malamar Jinya: Kada ki sa fasaha. Yanzu duk wanda ya ji fasaha, kwamfuta da waya ke zuwa masa. Kuma ba gwaninta ake nema ba. Adrian Hill, mai zane ɗan Ingila da ya raɗa sunan art therapy a 1942, yana jinyar tarin fuka ne ya ga zane na rage masa ƙunci. Yaron da aka firgita zai ɗauki 'yar tsana ya binne ta a yashi, ya jera mata duwatsu kamar katanga, mai jinya ya ce masa, "Ba ni labarin wannan." Daga nan magana ke buɗewa.

Malamin Hausa: Warkazane. Warkarwa da zane, kalma ɗaya tilo. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina ita. Kuma a daina cewa fenti da tire, muna da launi da faifai.

Ɗan Jarida: Ranka ya daɗe, wa zai gane warkazane a rediyo? Likita da asibiti ma aro ne, ba wanda ya mutu.

Malamin Hausa: Yaro, da wannan lalaci harshe ke mutuwa. Ku 'yan jarida kun fi son a ce kun iya Turanci. Larabawa da Faransawa suna da majalisun da ke ƙera kalma, mu sai aro?

Ɗan Jarida: Alƙalamin da kake rubutu da shi daga Larabci muka aro shi, Malam.

Malamar Jinya: Malam, launi ba abin da ake shafawa ba ne, faifai kuma ba ya riƙe yashi. Sannan warka alkawari ne, mai jinya ba ya yin sa. Zane ma bai ɗauke yumɓu da tsana ba. Ni damuwata kalma ta biyun ce, sand tray. Margaret Lowenfeld, likitar yara, ta fara amfani da tiren yashi da yara a Landan a 1929, wata mai jinya, Dora Kalff, ta faɗaɗa shi a Suwizalan. In kika ce bugun yashi ko duban yashi, mai sauraro zai ɗauka duba ne, alhali mai jinya ba ya karanta gaibu a ciki, mai abin ne ke faɗin ma'anarsa.

Mai Fassara: To na ɗauki "jinyar zuciya ta zane da ƙira". Na biyun "wasan tiren yashi"?

Malamar Jinya: Wasa zai sa manya su ƙi zuwa, su ma ana yi musu. Ki ce "aikin tiren yashi", ki ƙara jimla ɗaya ta bayani.

Malamin Hausa: Kalma shida a madadin ɗaya. Ki sa don shirin gobe kawai. Ni dai a ajina warkazane ce.