Ina son in kamo makin jarabawa a kowane layin tebur, amma gida ɗaya kawai yake amsawa

Ɗan Gangare:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata Islamiyya a nan Unguwar Rogo ce ta ba ni aikin shafin intanet na sakamakon ɗalibai. Teburin yana da suna, aji, maki, sai matsayi. Shugaban makarantar yana so duk wanda ya ci ƙasa da 40 makinsa ya fito da ja. Na rubuta `$("td:eq(2)")` da jQuery (kayan aikin JavaScript na sarrafa shafin intanet) don in kamo gida na uku a kowane layi, sai na ɗalibin farko kaɗai ya canza launi, sauran ko gezau. Ina matsalar take?

Injiniyan Rikkos:
Wa alaikumus salam. Ai `:eq` ba ruwansa da layi. jQuery tana kwaso duk `td` (gidajen tebur) ɗin da ke shafin ta jera su sahu ɗaya, sai `:eq(2)` ya zaro na uku a sahun gaba ɗaya, tunda daga sifili yake ƙirge. Abin da kake nema shi ne `td:nth-child(3)`. Wannan yana duba matsayin kowane gida a cikin `tr` ɗinsa, wato layinsa, kuma daga 1 yake farawa, shi ya sa 3 ba 2 ba. Dama tun fitowar jQuery 3.4 a 2019 aka ce a rabu da `:eq` irin wannan, a koma `.eq()`.

Ɗan Gangare:
Allah ya saka da alheri, Injiniya, ya kama duka. Sai dai a layin ƙarshe, na matsakaicin makin aji, gidan da ke gaba ya kama.

Yayar Fatima:
Ƙanena, duba layin nan da kyau, na tabbata akwai `colspan="2"` a gidan farko, wato gida ɗaya mai faɗin gida biyu. Idonka yana ganin gida biyu, amma `nth-child` ɗaya yake ƙirgawa, sai lissafin ya zame. Mayar da layin cikin `tfoot` (sashen ƙasan tebur), ka rubuta `tbody td:nth-child(3)` don ka kama gidajen jikin teburin kaɗai. Ko ba ka sa `tbody` da hannunka ba, burauza tana ƙara shi, shi ya sa ma `table > tr` ba ya kama komai.

Ni dai da ni ce, ba zan jingina da matsayin gida ba sam. Na san shugabannin makarantunmu: zango mai zuwa zai ce a saka makin hadda kafin na jarabawa, gida na uku ya koma na huɗu, ja ya hau inda ba a aike shi ba. Sa `class="maki"` a gidajen ka huta.

Injiniyan Rikkos:
Gaskiya ne, Yaya. Kuma `document.querySelectorAll`, wanda yake cikin burauza tun asali, ya san `nth-child`, ba sai ka ɗora jQuery kana cinye wa iyayen yara data ba. `:eq` ne bai sani ba, kuskure zai jefo maka. Ka lura da ɗalibin da bai zauna jarabawa ba: `Number("")` sifili yake bayarwa, don haka gidan da ba a rubuta komai ba shi ma za a ɗauke shi a matsayin wanda ya faɗi. Fara tantance ko akwai rubutu a ciki kafin ka gwada da 40.